Tsuntsayen da ke cin rani a wurinmu, na same su a kan tsaunukan Ingila

Baban Khadija, Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekaranjiya na dawo Legas bayan mako uku da na yi a birnin Shefil na Ingila wurin ɗana da ke karatu a can, kuma akwai abin da na gani wanda ya ƙi fita daga raina, shi ya sa na kawo shi zauren nan. Maƙwabcin yaron, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, ya ɗauke mu a motarsa wata Asabar a farkon watan Mayu, bayan mun yi sallar asuba, zuwa wata madatsar ruwa da ake kira Ledibawa, tafiyar kamar rabin awa yamma da garin. Madatsun uku ne a jere cikin kwari ɗaya: Hawdin a sama, Dawent a tsakiya, Ledibawa a ƙasa. Ta ƙarshen an fara gina ta a 1935, ruwa ya cika ta a 1945, kuma ƙauyuka biyu ne suka nutse a ƙarƙashinta, har ma idan aka yi fari mai tsanani, kamar na 2018, duwatsun gidajen sukan fito fili mutane su je kallo.

Wurin hawa uku ne. Akwai bakin ruwa mai tsakuwa, sai kurmi a jikin gangare, sannan can sama wani fili mai faɗi wanda babu itace a cikinsa, sai gajeren tsiro da baƙar ƙasa mai riƙe ruwa kamar soso, ga iska mai sanyi da ke ratsa riga. Abin da su ke kira bazara a can ba irin tamu ba ce mai zafi da gumi. Lokaci ne da sanyi ya fara ja da baya, ganye ya tofo, rana ta yi tsawo.

A bakin ruwa dattijon ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya nuna mini wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa a baya da fari a ciki, yana tafiya a kan tsakuwa yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa ba ya dainawa. A cikin kurmin akwai akwatunan katako da aka kafa a jikin itatuwa, wani ɗan tsuntsu baƙi da fari yana shiga yana fita, yana cafke ƙudaje a iska. A filin sama kuwa muka ji kukan wani babba mai dogon baki lanƙwasasshe da su ke kira kaliyu, kuka ne mai tashi yana ɓarɓarowa kamar ruwa a bakin tulu, sannan daga nesa muka ji wanda su ke kira kuku, domin kukan nasa ke nan, ku-ku, ku-ku.

Da dattijon ya ji daga Nijeriya na zo, sai ya ce mini yawancin waɗannan tsuntsaye daga wajenmu suka taso, kuma makonni biyu ko uku ke nan da isowarsu. Na yi shiru, domin shekarata 31 a Legas, kafin nan kuma a Kazaure na tashi, amma ban taɓa ɗaga ido na lura da ko ɗaya daga cikinsu ba. Shi kuwa yana da littafi da ya ke rubuta ranar da ya fara ganin kowanne a kowace shekara. Tambayata biyu ce: ina ne ainihin gidan waɗannan tsuntsaye, kuma me ya sa mu da su ke kwashe rabin shekara a wurinmu ba mu san da zamansu ba?

Ɗan Gashuwa, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa Alhaji, ya hanya? Ina so in gyara magana ɗaya: ba dukkanmu ne ba mu sani ba. Mu mutanen fadamar Haɗeja da Nguru mun san baƙin tsuntsaye sarai. Idan kaka ta yi, ruwa ya fara janyewa, agwagin ruwa da wasu masu dogayen ƙafafu sukan sauka dubbai a kan fadama, su zauna tare da ɗinya da kirinjijiya na gida, idan zafi ya fara shigowa wajen Maris kuma a wayi gari babu su. Masunta sun san lokacin zuwansu da na tafiyarsu kamar yadda manomi ya san zuwan shamuwa. Saboda su ne aka keɓe Dagona a ƙasar Bade, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filip, ya kai ziyara wurin a 1989.

Amma tun da ka ambaci madatsar ruwa, bari in faɗi abin da ke raina. Madatsar da ka gani ta ba tsuntsu bakin ruwan da zai yi sheƙa, tamu kuwa ta rage masa wurin sauka. Tun da aka gama Tiga a 1974, sannan Challawa a 1992, ambaliyar da ke shimfiɗuwa a fadama kowace damina ta ragu ƙwarai, ruwan da ake saki duk shekara kuma ya sa ciyawar kacala ta cika magudanai ta toshe su. Ba na musun amfanin da mutanen Kadawa da Kura suka samu, domin tumatir da albasar da mu ke saukewa a kasuwar nan wani ɓangarensu daga can ne, da su na ke ciyar da iyalina. Sai dai mahaifina ya yi noman shinkafa da kamun kifi a wurin da yau ko kwalekwale ba ya ratsawa.

Abban Sadiq, Apapa:
Da girmamawa Baba, ni ban ga inda wannan magana ta shafe mu ba. Dattijon da ya kai ku yana karɓar fansho, yana da mota, wuta ba ta ɗaukewa a gidansa, saboda haka yana da sararin rubuta ranar zuwan tsuntsu. Ni ina fita ƙarfe biyar na asuba, wani lokaci in kwana biyu a layin shiga tashar jiragen ruwa kafin a yi mini lodi. Kuɗin madubin da ka ambata zai sayi buhun abinci. Ina ganin akwai abubuwan da suka fi wannan cancantar mu tattauna, kamar kuɗin haya da makarantar yara.

Malam na Idi-Araba:
Ɗana Abban Sadiq, wahalar da ka faɗa gaskiya ce, Allah ya sassauta mana. Amma kallon tsuntsu ba al'adar masu hali ba ce da muka aro, domin tun kafin Bature ya ƙera madubi an umarce mu da shi. A Suratul Mulk, aya ta 19, Allah ya tambaya ko ba su dubi tsuntsaye a samansu ba, suna shimfiɗa fikafikai suna naɗewa, babu mai riƙe da su sai Mai rahama. A Suratul An'am, aya ta 38, ya ce dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne irinmu. Alhudahuda kuma shi ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin Saba'u. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauki 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, ta zo tana kaɗa fikafikai a kansu, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Wanda ya ke zaune a layin tasha kwana biyu yana fuskantar ruwa, ai ya fi mu duka damar dubawa, kuma ba a biyan ko kwabo.

Maman Amira, Surulere:
Allah ya gafarta Malam, na gode da wannan tunatarwa. Baba, na yi karatun ilimin dabbobi a Jami'ar Jos, kuma mun riƙa zuwa dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis ta ke, saboda haka ina neman izinin in rarrabe tsuntsayen da ka lissafa, domin ba duka ne namu ba.

Kaliyun da ke haihuwa a tsaunukan Ingila yawancinsa ba ya zuwa Afirka. Idan sanyi ya shigo yakan sauka ne zuwa gaɓar tekun Birtaniya da Ailan da Faransa, ya dawo tudu a Fabrairu ko Maris. Damuwarsu a kansa babba ce, domin yawansa a can ya ragu da kusan rabi daga tsakiyar shekarun 1990, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu haihuwa a duniya a ƙasarsu su ke. Mai kaɗa wutsiya na bakin ruwa kuwa a Afirka ta Yamma ya ke cin rani. Waɗanda aka maƙala wa na'ura a Sikotlan an gano cewa gaɓar Gini Bisau suka je, amma irinsu ɗaya ne da waɗanda ke yawo a bakin ruwan Legas daga ƙarshen damina zuwa Afrilu. Baƙi da farin nan mai kama ƙuda shi ma namu ne na yankin nan, kuma nauyinsa kusan giram 13 ne kawai, amma da wannan jiki ya ke ƙetare Sahara sau biyu a shekara.

Wanda ya fi burge ni shi ne wani da ake kira wincat, mai farar gira da ƙirji ruwan goro, wanda ke haihuwa a irin gangaren da ka hau. A gonakin da ke kewaye da Amurum an sa wa da yawa zobba masu launi a ƙafa, sai aka ga cewa wanda ya rayu yakan dawo gonar da ya zauna bara, kusan kan karan da ya saba sauka. Duk wanda ya san Jos ya san kamannin wurin da abin da Baba ya kwatanta: tudu mai tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere, dam ɗin Lamingo a gindinsu, da kurmi a cikin kwazazzabai. Tsuntsun ya bar wani tudu ne ya zo wani.

Game da ko abin ya shafe mu, Turawan Ingila da kansu sun ga alamar farinmu a jikin tsuntsu. A bazarar 1969 wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ya cika shingayen gonakinsu, kusan kashi uku cikin huɗu nasa bai dawo ba. Da aka bi sawu sai aka tarar damina ta gaza a Sahel a 1968, wato farkon farin da ya kai mu ga yunwar 1973. Wannan tsuntsu kafin ya tsallaka hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000 sai ya tara kitse, kuma cikin abin da ya ke dogara da shi a arewacin Nijeriya akwai 'ya'yan itacen nan da ake yin aswaki da saiwarsa. Idan aka sare itacen, ko ruwa ya ƙi sauka, a hamada zai faɗi. Abin da ya kashe shi a wannan shekarar shi ne ya kashe shanun kakanninmu bayan 'yan shekaru.

Baban Khadija, Agege:
Madalla 'yata, Allah ya ƙara basira. Na karɓi gyaran kaliyu, wataƙila ni ne na haɗa su duka a fahimtata. Amma har yanzu ba a amsa mini tambayar farko ba. Dattijon nan yana cewa tsuntsayen sun dawo gida, ni kuma a zuciyata ina jin kamar sun je cirani ne kawai. Ɗana ya goyi bayansa, ya ce inda aka ƙyanƙyashe ka nan ne gidanka, kuma a can su ke yin sheƙa, a can su ke rera waƙa, a wurinmu kuwa shiru su ke yi suna kiwo.

Alhaji na Obalende:
Wannan tambaya ta taɓa ni fiye da yadda ka ke zato, ƙanena. Kakana ya zo Ikko da fataucin goro, an haifi mahaifina a nan, ni ma a nan, 'ya'yana da jikokina duka a nan aka yanke musu cibiya. Duk da haka idan aka tambaye ni sai in ce ni Bakano ne, alhali in an haɗa duk kwanakin da na yi a Kano ba su cika shekara uku ba. Bayarabe maƙwabcina yana kallona a matsayin baƙo, dangina na Kano kuma suna kirana ɗan Ikko. Saboda haka ban yarda da ɗanka cewa ƙyanƙyasa kaɗai ke yanke hukunci ba, ban kuma yarda da kai cewa yawan kwana ke yankewa ba. Ɗan cirani na gaskiya shi ne wanda in aka rufe masa ɗaya daga cikin wuraren biyu ba zai rayu ba: gona ba ta isarsa shekara, birni kuma ba ya riƙe shi da damina. Yadda 'yarmu ta yi bayani, haka tsuntsayen nan su ke.

Maman Amira, Surulere:
Ranka ya daɗe Alhaji, labarin kuku ya ƙarfafa maganarka. Tun 2011 ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, ta ke maƙala wa mazansu na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya. Abin da aka gani shi ne yakan isa Ingila a ƙarshen Afrilu, kafin Yuni ya ƙare da yawa sun kama hanyar dawowa, wato zamansa a can bai fi wata biyu ba. Mafi tsawon zamansa a dazuzzukan Kwango ne, kuma idan zai koma arewa yakan biyo ta Afirka ta Yamma ya tsaya ya ci tsutsotsin da ruwan farko ya fito da su. Ba ya ma yin sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar wani ƙaramin tsuntsun filin nan na sama, shi ya yi kwanci ya yi reno, ɗan kuma ya taso bai taɓa ganin iyayensa ba, amma idan lokaci ya yi ya tashi shi kaɗai ya nufo Afirka babu mai nuna masa hanya. Na karanta wannan sau da yawa, kuma har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ɗan Gashuwa, Mile 12:
Ba na so mu manta cewa ba kowane tsuntsu ne abin so ga manomi ba. Jan-baki idan ya sauka a gonar gero ko shinkafa, kafin la'asar ya gama da wahalar shekara, kuma a cikin kacalar da na ambata ya ke kwana. Na ga yara sun bar makaranta suna wuni a kan rumfa suna kaɗa gwangwani. Idan za a je wa mutanen ƙauyenmu da maganar kare tsuntsaye, dole a fara da wannan, in ba haka ba ba za su saurara ba. Ina kuma tambayar Alhaji Baban Khadija: su a can ba su da irin wannan saɓani ne, kowa ya yarda a bar tsuntsu?

Baban Khadija, Agege:
Suna da shi ƙwarai, kuma na ga alamarsa da idona. Filin saman nan daga nesa kamar an yi masa faci-faci, wani wuri baƙi, wani kore. Dattijon ya ce masu filayen ne ke ƙona tsiron kashi-kashi domin ya yi sabon tofo, saboda wata irin makwarwa ja da masu kuɗi ke biya su harba, kuma ranar 12 ga Agusta ake buɗe farautarta kowace shekara. Masu gadin farautar suna cewa su ne ke kashe dila da hankaka masu cin ƙwai, shi ya sa kaliyu ke samun 'ya'ya a filayensu. Masu adawa da su kuma suna cewa ƙunar tana lalata baƙar ƙasar da ke riƙe ruwa, kuma ana kashe shaho da danginsa a ɓoye duk da doka ta hana. Shi kansa dattijon bai yanke hukunci ba, ya ce kowane ɓangare yana da abin da ya riƙe na gaskiya.

Abin da na ga sun haɗu a kai shi ne lokacin ƙwai. Tun da tsuntsayen filin a ƙasa su ke yin sheƙa, doka ta ce daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli duk mai kare ya riƙe shi da igiya a irin wuraren nan, kuma na ga mutane suna bi. Sai na tuna yadda mu ke cinna wa daji wuta da rani don kamun gafiya, ba tare da tunanin abin da ke kwance a cikin ciyawar ba. Na kuma tuna ungulu. Lokacin da na zo Legas ba a rasa su a kan rufin kwata, yanzu na manta rabon da in ga ko ɗaya, kuma na ji tun 2015 aka sa irin tamu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa a duniya.

Abban Sadiq, Apapa:
Ban janye maganata a kan tsadar rayuwa ba, amma akwai abin da ya kamata in faɗa. Tsuntsun nan mai kaɗa wutsiya na san shi. A bakin ruwan da ke kusa da inda mu ke ajiye motoci akwai guda ɗaya da na riƙa gani kullum da sanyin nan da ya wuce, yana bin gefen laka, idan ya tashi ya yi ƙasa-ƙasa da ruwa yana ɗan fito mai kaifi. Na ɗauka ɗan wurin ne. Yanzu da na yi tunani, na fi wata ban gan shi ba. Yaya Maman Amira, shi ne wanda ku ke magana?

Maman Amira, Surulere:
Yadda ka kwatanta tashinsa da fitonsa, shi ne, ƙanena. Idan ka sake ganinsa ka duba kafaɗarsa, za ka ga farin cikinsa ya ɗan hauro gaban fiffike kamar tsinin wuƙa. Ka fara sa ido daga watan Agusta zuwa Satumba, kuma ka rubuta ranar da ka fara ganinsa, ko a waya ne. Irin wannan rubutu shi ne ake tarawa a shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar Jos ke jagoranta, inda aka raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da kwance, masu sa kai suna aika sunayen abin da suka gani.

Ga masu son fara koyo a nan Legas, akwai dajin Lekki na gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya, NCF, wanda aka buɗe a 1990, mai faɗin hekta 78, da gadar katako da ke ratsa fadama. Baƙin sun riga sun tafi, amma na gida suna nan, kuma farkon damina ne lokacin da su ke yawan kuka da yin sheƙa. Ina da madubi guda biyu da littafin hotunan tsuntsayen Afirka ta Yamma.

Malam na Idi-Araba:
Idan za a je, ina roƙon a tafi da dattawa biyu ko uku da suka yi kiwo ko farauta a ƙuruciyarsu, domin sunayen Hausa suna bakinsu. Mun san zalɓe da balbela da cilakowa da ragon maza, amma su sun san fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma yaranmu da aka haifa a nan ko carki ba su sani ba.

Baban Khadija, Agege:
Na ɗauki nauyin mota ɗaya mai cin mutum bakwai daga Agege, Asabar ta sama, mu tashi da an idar da sallar asuba kafin hanyar Lekki ta cushe. Akwai wani tsohon makiyayi daga Haɗeja a unguwarmu, zan yi masa magana yau da daddare. Dattijon Shefil ya ba ni kwafin shafi ɗaya na littafinsa mai ranakun isowar tsuntsaye a bana, zan zo da shi Maman Amira ta karanta mana. Abban Sadiq, idan ba ka kan layi ranar, akwai kujerarka.